Kofin Madara a Gado na Bakwai

Ranaku da yawa na wannan aiki sun wuce ban riƙe komai nasu ba, amma ban taɓa mantawa da wata Alhamis da na zauna a ƙasa, bayan ƙofar ɗakin yara, na ga abin da na yi kwana biyu ina tsaye a kansa ban gani ba. An ce kowace tsohuwar ma'aikaciya ta rubuta abu guda saboda ku sababbi da aka ɗauka bana. Ni wannan zan rubuta.

Sunana Balkisa. Ina raba madara a ɗakin yara masu tamowa a nan Dakoro. Ga wadda ba ta san aikin ba, madara ce ta musamman, ana auna wa kowane yaro tasa gwargwadon nauyinsa, kuma duk bayan awa uku ake ba shi. Ba ni ke sa wa yaro a baki ba, uwa ce. Nawa in kai kofi, in tsaya in ga ya sha, sannan in koma ga fish, wato takardar da ke rataye a ƙafar gado. Kowane shan madara akwati huɗu gare shi a takardar. In ya shanye, in soke huɗun da bik, wato biro. In rabi ya sha, in soke biyu. Majo, shi ne babban mai jinya na ɗakin, yana duba akwatunan nan kowace safiya. In ya ga yaro ya yi kwanaki akwatunansa fayau, sai a sa mishi roba ta hanci a riƙa zuba madarar ta ciki. Robar nan tana ceton yara, na gani da idona. Amma mutanen daji suna tsoronta ƙwarai, a ganinsu yaron da aka sa wa roba an gama da shi. Sau da yawa ranar da aka ambace ta, ranar suke naɗe tabarmarsu.

A lokacin sabuwa ce ni, kontara ta wata uku aka ba ni, a gani ko zan iya. Maigidana yana Aljeriya, shekara ta biyu ke nan. Ɗaki guda nake haya kusa da kasuwar dabbobi, daga ni sai ɗiyata Mariama mai wata bakwai. Ba ni da wanda zan bar wa ita, don haka Majo Isufu ya yarda in riƙa zuwa da ita a goye. Gaskiya ko da ina da wanda zan bar wa, ba zan bari ba. Ko maƙwabciyata ta ce kawo ta in riƙe miki ki yi wanka, sai in ce ai barci za ta yi. A wurin aiki kuma, in an zauna cin abinci, sauran suna hira da Faransanci. In sun yi dariya in yi, ban san abin da aka faɗa ba.

Kafin mu fara aiki an yi mana formasiyo, wato horo, na kwana uku. Wata madam ta zo daga Maradi ta koya mana yadda ake karɓar uwa: ki dube ta cikin ido, ki yi mata murmushi, ki dafa kafaɗarta, ki yaba ɗanta. Har takarda mai hotuna aka ba mu. Ni da lakwal ɗina ya tsaya a aji huɗu, na riƙe takardar nan kamar laya. A ɗakina ma nakan tsaya gaban ɗan madubina ina gwada murmushin, Mariama tana kallona kamar na zautu. Tsoro nake kada a ce ƴar ƙauye ba ta iya ba.

Farkon damina ne, rumbuna sun yi ƙasa, ɗakin ya cika har ana shimfiɗa a baranda. Ranar Talata aka kawo wata yarinya daga wani mashekari can arewa da Azagor. Fulani ne. Tsohuwa ce ke ɗauke da ita, kakarta ta wajen uba. Uwar, Dija, tana biye a baya, kanta a ƙasa, ba za ta girme ni ba. Yarinyar sunanta Aisa, ta haura shekara, amma in kin ɗauke ta kamar kin ɗauki ɗankwali. Nonon uwar ya ƙafe tun da ta yi zazzaɓi. Aka ba su gado na bakwai. Tsohuwar tana jin Hausar kasuwa, Dija kuwa ban ji ta furta ko kalma ba. Mai jin Fulatanci a cikinmu tana hutun haihuwa.

Da na kawo kofin farko na yi duk abin da aka koya mini. Na tsaya gaban Dija, na leƙa fuskarta har na sami idonta, na washe haƙora, na dafa kafaɗarta, na nuna yarinyar na ce, "Kyakkyawa! Ɗiyarki kyakkyawa!" Jikinta ya sandare ƙarƙashin hannuna. Ta juya fuska ga bango. Na miƙa mata kofin, ba ta karɓa ba.

Tsohuwar ta ce, "Kawo nan, ɗiyata. Ni ke ba ta."

Ta karɓa. Hannunta yana rawa, idonta ɗaya ya yi fari. Yarinyar ta datse baki, madara ta bi haɓa ta jiƙe zane. Akwati ɗaya na soke, shi ma da ƙyar. Ƙarfe uku haka. Ƙarfe shida haka. Duk zuwan da zan yi sai in ƙara murmushi, in ƙara leƙa fuskar Dija, in kama hannunta in ɗora a kan kofin. Ita kuma ta ƙara manne wa bango.

Safiyar Laraba Majo ya ɗaga fish ɗin ya duba.

"Balkisa, gado na bakwai fa? Ko bik ɗinki ne ya ƙafe?"

Na ga kamar laifin zai dawo kaina. Na ce, "Majo, uwar ce. Ko kallon ɗiyar ba ta yi. In ta yi kuka ba ta waiwaya. Kamar ba ita ta haife ta ba."

Ni na faɗi haka, da bakina. Majo mutumin kirki ne, amma yara sun fi gadaje yawa, kwana da kwanaki bai huta ba. Ya je ya tsaya a kan Dija, hannu a ƙugu, ya ɗaga murya duk ɗakin na ji. "Ke wace irin uwa ce? Ɗiyarki na mutuwa kina kallon bango? Me aka rubuta a bangon?" Ba ta jin Hausa, amma wannan ba sai da Hausa ba. Matan sauran gadaje suka zuba mata ido. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Ya juya ga tsohuwar. "Inna, gobe da marece in yarinyar nan ba ta sha ba, roba zan sa mata."

Tsohuwar ta ce, "Jibi kasuwa. Ɗana zai kawo awaki. Mu tahi gida da shi."

"In kun tafi da ita haka, ba za ta kai gida ba."

"Allah ke da rai, likita."

Kowa a ɗakin ya san abin da ke nan. In yarinyar ba ta sha da baki ba zuwa gobe, za a kawo roba, su kuma su ɗauke ta su hau mota.

Ranar Alhamis da tsakar rana na kawo kofi na ajiye a gefen gadon. Ban ma tsaya murmushi ba, na gaji. Mariama ta tashi da kuka a bayana, sai na zagaya bayan ƙofa inda ake ajiye bokitai, na zauna a ƙasa na ba ta nono. Daga nan ba a ganina, ni kuwa ta tsakanin ƙofa da bango ina ganin gado na bakwai, daga ƙasa.

Fuskar Dija tana bango kamar kullum. Amma mayafinta ya sauko ya rufe ƙafafun yarinyar, kuma daga inda nake na ga hannunta a ƙarƙashi. Tana riƙe da ƙafar Aisa. Babban yatsanta yana shafa tafin ƙafar, a hankali, ba tsayawa. Wanda ke tsaye ba zai taɓa gani ba.

Can tsohuwar ta ɗauki buta ta fita. Ƙafarta na barin ƙofa, Dija ta duba dama ta duba hagu, ta sunkuya a kan ɗiyarta kamar mai sata. Fuskar nan da na ɗauka dutse ce ta narke gaba ɗaya. Ta tsoma yatsa a madara ta shafa a leɓen yarinyar, tana wani ɗan kaɗa harshe irin na kiran ɗan maraƙi. Yarinyar ta buɗe baki. Ta ɗauki kofin ta kai mata, kurɓi ɗaya, kurɓi biyu, uku. Sai aka ji takun tsohuwar. Kafin ta shigo kofin ya koma wurinsa, fuska ta koma bango.

Nan take na fahimta. Ɗiyar fari ce. Kunya ce.

Kada ku ce ban san al'adar ba. Na san ta, a cikinta na tashi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi mishi wasa gaban mutane, balle gaban uwar miji. Mu a gari abin ya ɗan sassauta, su a daji yana nan da ƙarfinsa. Da nono ne, da ba matsala, sai ta tura yarinyar ƙarƙashin mayafi ta kau da kai. Amma kofi ba ya ba yaro sai an dubi bakinsa, an lallashe shi, an yi mishi fuska. Abin da muke nema daga gare ta ke nan, a tsakiyar ɗaki, surukarta na zaune a ƙafar gado, ni kuma ina tsaye a kanta da haƙora a waje.

Kuma ni ce fa. Ni ma ina da ɗiyar fari. Da aka yaye ta uwar mijina ta zo ta tafi da ita ƙauyensu wajen Ajekoriya, kamar yadda aka saba. Ranar da za su tafi, mata sun cika tsakar gida, ban dube ta ba, ban yi kuka ba, har ana yabona. Amma da aka ɗora ta a amalanke na matsa kamar ina gyara kaya, na kama ƙafarta ta ƙarƙashin zane, ban saki ba sai da jaki ya ja. Farar riga da takarda mai hotuna suka sa na manta da hannuna na kaina.

Na goya Mariama na tafi wurin Majo. Yana rubutu, bai ɗago ba.

"Majo, abin da na faɗa jiya a kan gado na bakwai, ba haka ba ne. Na yi kuskure."

"Yau kuma ta zama uwar kirki?"

Na ba shi labarin abin da na gani. Ban taɓa yi mishi magana mai tsawo haka ba. Na ce ya ba ni madarar ƙarfe uku da ta ƙarfe shida kafin ya kawo roba, kuma ya bar ni in ɗaura igiya.

"Igiya? Shanya za ki yi mini a ɗaki?"

"Zane guda zan rataya, Majo. Kuma don Allah kada kowa ya zo wajen gadon. Har kai."

Ya ajiye bik ya dube ni. "Har ni. To, madam lokotoro, babbar likita. Zuwa ƙarfe shida. Amma in kika soke mini akwati alhali madarar a zane ta ƙare, ni da ke ne."

Igiyar da zanen ba su ba ni wuya ba. Na ɗaura daga ƙarfen taga zuwa ƙusar gidan sauro, na rataya zanen goyona na canji. Tsohuwar ce matsala. Ba a ce wa babba tashi ki ba mu wuri. Na yi ta juya abin a raina, hanya ɗaya kawai na gani, kuma ba na son ta.

Ƙarfe uku saura na kwance Mariama daga bayana. Na durƙusa gaban tsohuwar na miƙa mata ita da hannu biyu. Na ce, "Inna, zafi ya dame ta, ga aiki ya yi mini yawa. Ki taimake ni ki riƙe mini ita a gindin itacen bedi, ta sha iska."

Ta dubi Mariama, ta dubi zanen da na rataya, ta dube ni da idonta mai gani. Sai ta yi wata ƴar dariya ta hanci.

"Ku mutanen likita, kanku da tauri. Kwana uku gindina ya mutu a gadon nan."

Sai a lokacin na gane ita ma a ɗaure take. Ɗiyar fari ta kaka ce, ɗanta a hannunta ya danƙa ta. In ta tashi don kanta ta fita, ta yar da amana ke nan gaban mutane. In ta ce wa surukarta ba ɗiyarki madara, ta keta mata kunya. Jira take wani ya ba ta dalilin fita.

Ta saɓa Mariama a kafaɗa ta fita. Tun da na haifi yarinyar nan ba ta taɓa nisa da ni haka ba. Bayana ya yi sanyi, wurin da take kwanciya. Na ji ta fara kuka a waje, ƙafata ta ɗauki hanyar ƙofa da kanta, na tsayar da kaina.

Na cire farar rigar na rataya. Na shiga bayan zanen ban dubi Dija ba. Na ajiye kofin a kan gado kusa da gwiwarta, na zauna a ƙasa na ba ta baya, na jingina da ƙarfen gadon. Na jawo kwanon cokula ina gogewa, waɗanda na riga na goge.

Ina jin numfashinta a bayana. Ina jin kukan Mariama yana raguwa, tsohuwar tana yi mata wata waƙa da Fulatanci. Na goge cokulan nan sau nawa ban sani ba. Zuciyata tana cewa waiwaya ki gani, in ta zubar fa, in yarinyar ta shaƙe fa. Ban waiwaya ba.

Sai na ji ɗan kaɗa harshen nan. Sai na ji haɗiya. Ƙaramar haɗiya, irin wadda sai wadda ta shayar ke gane ta.

Ya ɗauki kusan awa. Yarinyar ta sha, ta huta, ta sha. Daga nan wani abu ya taɓa kafaɗata. Kofin ne, ba komai ciki. Na karɓa ta saman kafaɗa ban juya ba. Sai na ji ta kama wuyan hannuna, ta ja shi baya, ta ɗora a kan zanen da ke ƙarƙashin haɓar yarinyar. A bushe yake. Ta sake ɗora shi a kan cikin yarinyar. Ya ɗan tasa, da ɗumi. Ashe duk kwanakin nan tana kallon abin da nake dubawa kafin in soke akwati.

Na soke huɗu. Na danna bik har ya huda takardar.

Ƙarfe shida muka sake, tsohuwar ba ta jira na roƙe ta ba, ta miƙo hannu ta ce, "Kawo mini ƙawata." Ina zaune a ƙasa na hangi inuwar Majo a jikin zanen. Na ɗaga tafin hannu ta gefe. Ya tsaya inda yake. Ya saurara, ya ji haɗiyar da kunnensa, ya juya a kan yatsun ƙafa ya tafi, ƙaton mutum kamar ɓarawon kaza. Da na fito ya karɓi fish ɗin ya soke wani abu da ya rubuta jiya da Faransanci. Ban tambaye shi ko mene ne ba, na sani.

Ranar kasuwa uban ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa, ya ba ɗakin gefe, bai dubi matarsa ba, bai dubi ɗiyarsa ba. Da a ranar Talata ne da na ce shi ma bai damu ba. Yanzu kuwa na dubi hannunsa, na ga yadda yake murza sandar nan kamar zai karya ta. Tsohuwar ta fita ta yi mishi magana. Ya koma daji shi kaɗai.

Sun yi kusan sati biyu. Kullum haka muke yi, ni a ƙasa, ita a gado, baya da baya, zane ya rufe mu. Wata rana na kawo tuwona na ci a wurin, na tura mata rabi ta baya, kwanon ya dawo a wanke. Ba mu taɓa musayar kalma ba, ba mu taɓa haɗa ido ba. Amma a duk Dakoro, a shekarar nan, ba wanda na zauna da shi na ji ba ni kaɗai ba ce kamar ita.

Ranar da aka sallame su tsohuwar ta yi ta sa albarka, ta ce in ba ta Mariama ta tafi da ita ta koya mata tatsa. Dija tana biye a baya kamar ranar da suka zo, kai a ƙasa. Ta zo wucewa ta gefena, ba ta tsaya ba. Sai na ji Mariama ta motsa a bayana. Ƙafarta da ke reto Dija ta kama, ta matse sau ɗaya, ta saki, ta wuce. Ban sake ganinta ba. Da marece aka kwantar da wani yaro a gado na bakwai, ni kuma na koma bayan ƙofa da kwanona.

To, ku sababbi. Za a ba ku takarda mai hotuna, ku karɓa, tana da amfani, mata da yawa murmushin nan suke bukata. Amma kafin ki yi wa uwa fuska, ki tsaya ki ga ita me jikinta ke yi. Ki tambayi ko ɗan fari ne. Ki ga wa ke zaune a ƙafar gado, kuma in ya fita me ke canzawa. In fuska ba ta gaya miki komai ba, ki dubi hannu, ki dubi ƙafa. Kada ki tsaya a kan mutum, ki zauna, daga ƙasa an fi gani. Wata uwar kallonki ne ke ba ta ƙarfi, wata kuwa babban taimakon da za ki yi mata shi ne ki ba ta baya. Kuma kada ki yi saurin kai wa majo magana a kan zuciyar uwa. Ni na kai, saura kaɗan yarinya ta tafi a kan maganata. Igiyar tana nan a ɗakin har yau, zanen ne aka canza.

Da aka sabunta mini kontara na nemi hutun kwana biyu na tafi Ajekoriya. Ɗiyata ta fari ta girma, tana kirana da sunana kamar yadda take jin ana kira. Uwar mijina tana zaune, mata sun zo gaisuwa. Yarinyar ta zo ta zauna a bakin tabarmata tana wasa da ƴan duwatsu. Ban dube ta ba. Na saki gefen mayafina ya rufe ƙafarta, na sa hannu a ƙarƙashi. Ta daina wasan. Ba ta janye ba.

Sunanta kuwa, kun ga ko a takardar nan ban rubuta shi ba.